Bakaniken da Ya Sa Kwaɗi Fareti: Mustafa Alasan da Fim ɗin Zane a Nijar

A shekarar 1966 wani ɗan gajeren fim ya fito daga Nijar, tsawonsa bai wuce minti biyar ba. Babu ɗan Adam ko ɗaya a ciki, babu launi, sai baƙin layi a kan fari. Labarin wani kwaɗo ne mai suna Sim, shugaban jamhuriyar kwaɗi, wanda takwaransa na maƙwabciyar ƙasa ya gayyata ziyarar aiki. Ya hau jirgin sama, aka tarbe shi da sojoji da fareti da duk hidimar da shugabanni ke yi wa junansu, sannan ya komo gida. Sunan fim ɗin Bon voyage Sim, wato a sauka lafiya Sim. Wanda ya zana shi saurayi ne ɗan shekara 24, Moustapha Alassane, ko Mustafa Alasan a bakinmu, kuma sana'ar da ya koya kafin fim ita ce kanikanci.

Ana kiransa uban fim ɗin zane, wato katun, na Afirka ta kudu da Sahara. Dole a saka wannan iyaka ta Sahara, domin a Masar 'yan gidan Frenkel sun riga shi tun shekarun 1930 da wani ɗan zanensu mai suna Mish-Mish Effendi. Amma a wannan ɓangare namu, daga Dakar zuwa tafkin Chadi, shi ne ya fara buɗe ƙofar. Tambayar da ta dame ni ita ce yadda aka yi wannan sana'a, wadda a Amurka kamfanoni masu ɗaruruwan ma'aikata suka fi yin ta, ta tsiro a hannun mutum ɗaya a ƙasar da ba ta da ko wurin wanke fim.

Sai an san nauyin aikin kafin a san girman wanda ya ɗauke shi. Fim jerin hotuna ne marasa motsi, ana gudu da su a gaban ido, 24 a kowace daƙiƙa, har ido ya ɗauka motsi yake gani. Mai ɗaukar mutane da kyamara, na'ura ce ke tara masa hotunan. Mai fim ɗin zane kuwa da hannunsa zai samar da kowane ɗaya. Ko da ya bi dabarar da masu sana'ar suka saba, ta ɗaukar kowane zane sau biyu, yana buƙatar zane 12 a daƙiƙa, 720 a minti ɗaya, wajen 3,600 a minti biyar. Kowane zane kuma sai ya bambanta da na bayansa da ɗan kaɗan, daidai gwargwado, in ba haka ba kwaɗon zai riƙa karkarwa maimakon tsalle. Bayan haka ga zaren fim ɗin kansa. Naɗi ɗaya na zare mai faɗin milimita 16, irin mai ƙafa 100, bai kai minti uku ba, daga Turai ake sayo shi, kuma Turai ake mayar da shi a wanke. Mutum zai yi makonni yana aiki bai ga abin da ya ɗauka ba, sai kunshin ya je ya dawo. In haske ya yi yawa ko kyamara ta gusa, a lokacin zai sani.

A kan wannan kuma a ɗora tarihi. Tun 1934 Faransa ta kafa dokar da ake kira da sunan Laval, wadda ta ce ba mai ɗaukar fim a ƙasashen da take mulka a Afirka sai da izinin hukuma. A aikace dokar ta nisanta 'yan ƙasa da kyamara, shi ya sa da Paulin Vieyra da abokansa 'yan Afirka suka tashi yin fim a 1955, a birnin Paris suka yi shi. Nijar ta samu 'yanci ranar 3 ga Agustan 1960 ba ta da makarantar fim, ba ta da waɗanda suka gaji sana'ar. Alasan na da shekara 18 a lokacin.

Abin da yake da shi ya faro ne daga wasan yara. Tun yana ƙarami ya shahara cikin tsaransa da wasan inuwa: fitila, kwali, siffofin da ya yanka ko ya zana, sai ya haska su a tara masa yara ana kallo. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna fitilar ƙwai ya san farkon wannan wasa, yadda ake haɗa yatsu a fitar da kan kare ko zomo a jikin bango. Yawancinmu a nan muka tsaya. Shi ya wuce gaba, ya shiga zana hotuna a kan takarda mai shara-shara yana tura haske ta cikinsu. Wannan ita ce ainihin dabarar tsohuwar fitilar haska hotuna ta Turai, wadda daga sunanta na Ingilishi Hausawan Najeriya suka samo kalmar majigi, suka laƙaba wa motocin silima na gwamnatin mulkin mallaka masu zagaya garuruwa suna nuna finafinan tsafta da noma a ƙofar fada.

A ganina wannan wasa ya ba shi abubuwa biyu da makaranta ba ta cika bayarwa ba. Na farko, silima ba ta taɓa zama masa abin tsoro ba. Mutane da yawa na zamaninsa sun fara haɗuwa da ita a matsayin abin al'ajabi daga ƙasar Turawa, ƙaton allo da sauti da 'yan kaboyi a kan dawaki, abin da sai dai ka biya ka kalla. Shi ta ƙofar baya ya shigo. Ya riga ya san cewa a ƙarƙashin duk wannan akwai haske da hoto da akwati mai rami, kuma ya taɓa haɗa su da hannunsa. Na biyu, ya san 'yan kallo. Yaron da ke nuna wa yara wasa a tsakar gida ba ya samun ladabin da manya ke yi wa juna. In abin bai ba da dariya ba, tashi za su yi. Gajartar finafinansa na zane, da yadda ba sa jan rai kafin su kai ga abin dariya, ina jin daga wannan dandali suka fito.

Sai kanikanci, wanda masu rubutu a kansa sukan ambata da layi ɗaya su wuce, kamar wani ɗan ratse ne kafin ya gano hanyarsa. Ni ina ganin nan ne gindin maganar. A duba bakanike a ƙasashenmu. Ba ya aiki da littafin kamfani, kuma sau da yawa kayan gyaran da motar ke buƙata babu su a kasuwa. Zai kwance injin ya baje a kan buhu, ya gane abin da kowane ƙarfe ke yi, in wani ya lalace ya nemo makamancinsa a jikin wata matacciyar mota, ya goge, ya lanƙwasa, ya ɗaura. Yana da haƙurin maimaita abu ɗaya sau goma har ya zauna. Kuma ba ya yarda cewa akwai na'urar da ta fi ƙarfin a buɗe cikinta.

Duk waɗannan halaye su ne fim ɗin zane ke nema. Teburin ɗaukar zane ba wani abu ba ne illa kyamara da aka kafe tana kallon ƙasa, da fitilu biyu a gefe, da ƙusoshin da ke riƙe takarda a wuri ɗaya don kada zane ya goce. Wanda ya iya walda da awo zai iya haɗa shi. 'Yan tsanan da ake motsawa a fim kuma suna da ƙashi na waya ko ƙarfe a ciki, mai gaɓoɓi, wanda dole ya yi taurin da zai tsaya inda aka ajiye shi, ya kuma yi laushin da za a iya gusa shi kaɗan. A gusa hannu, a ɗauki hoto ɗaya, a sake gusawa, a sake ɗauka, haka har dare. Wannan matsalar bakanike ce tsantsa. Alasan ya yi suna da ƙera kayan aikinsa da gyara su da kansa, da ɗinka 'yan tsanansa daga abin da ke kusa, waya da itace da ƙyalle. Hausawa na cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma ban san wani mai fim da ya rayu a kan wannan magana kamarsa ba.

Akwai masu cewa talauci ne ya haifar da salonsa. Ban yarda da wannan ba gaba ɗaya. Rashin kuɗi ya sami kowa a fagen fim na Afirka ta Yamma, kuma abin da ya fi haifarwa shi ne jira: a rubuta labari, a aika Paris, a zauna shekara uku ko biyar ana sauraron tallafi daga ofishin silima da ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa ta buɗe a 1963. Da yawa sun tsufa da fim ɗaya ko biyu. Alasan ma ya ci moriyar taimakon waje, ba a musun wannan. Bambancinsa shi ne in taimakon bai zo ba, hannunsa bai tsaya ba, domin ya zaɓi irin fim ɗin da mutum zai iya yi a ɗaki ɗaya da fensir.

A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, daga baya ya koma nazarin al'adun Songhai da ɗaukar fim. A cibiyar binciken da Rouch ke aiki da ita Alasan ya sami kyamara ta gaske da sanin yadda ake sarrafa ta. A 1962 ya fitar da Aouré, wato aure, kan yadda saurayi da budurwa ke haɗuwa har a ɗaura musu aure a wani ƙauyen Zabarmawa na bakin kogin Kwara. Shekara guda kenan kafin fim ɗin Borom Sarret na Sembène Ousmane ɗan Senegal, wanda aka fi ambata in ana maganar mafarin fim a yankin. A wannan shekarar dai ya yi La Bague du roi Koda, tatsuniyar azzalumin sarki da ya ba masunci ajiyar zobe da sharaɗin kisa in ya ɓata, ya kuma bi ta bayan fage ya sa zoben ya salwanta, sai ga shi a cikin kifi. Mai karatu zai tuna muna da irin wannan labari a Hausa, na mutumin da ke cewa ba sarki sai Allah.

Ba na son yadda ake ba da wannan babi kamar Rouch ya tsinci Alasan ne a hanya ya mai da shi mutum. Rouch ya buɗe ƙofofi, kuma abotarsu ta gaskiya ce, har Alasan ya fito a fim ɗinsa Petit à petit. Amma wanda ya zo wurinsa ya riga ya iya zane, ya iya ƙarfe, ya iya tara jama'a. Rouch bai taɓa zama mai fim ɗin zane ba, ba shi da abin da zai koya masa a nan.

Wanda ya dace da shi a wannan fage yana Kanada. Norman McLaren, haifaffen Sikotilan, yana aiki a hukumar finafinai ta Kanada tun 1941, kuma a wurinsa Alasan ya je ya ƙaro sani a Montreal. Sa'ar da aka yi ita ce McLaren kishiyar tsarin Disney ne, babban kamfanin katun na Amurka. A can Kalifoniya aiki kashi-kashi ne kamar masaƙa: wani ya zana manyan motsi, wani ya cike tsakani, wasu su bi da tawada, wasu su shafa launi. McLaren kuwa yakan zauna shi kaɗai ko da mutum ɗaya, wani lokaci ma ba ya amfani da kyamara, sai ya yi zane kai tsaye a jikin zaren fim, har sautin ma ya zana shi da hannu. Fim ɗinsa na 1952, kan maƙwabta biyu da suka hallaka juna saboda fure ɗaya, ya ci kyautar Oscar. Da a ce an tura Alasan babban kamfani, da ya dawo da ilimin da ba zai yi aiki a Yamai ba sai da ma'aikata ɗari. A wurin McLaren ya ga babban gwani da duniya ke girmamawa yana aiki irin yadda shi ma ya saba tun yana yaro. La Mort de Gandji, fim ɗinsa na zane na 1965, daga wannan zama ya fito, kuma ya sami kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966.

Tun daga wannan fim kwaɗi suka zama jama'arsa. Ta fuskar aiki zaɓin yana da hikima: kwaɗo ƙaton ciki ne da idanu biyu da baki mai faɗi, layi kaɗan ya isa a gane shi, kuma wanda zai zana abu sau dubu uku dole ya so siffa mai sauƙi. Ta fuskar ma'ana kuma ya fi haka. Kwaɗo na kumbura wuya ya cika dare da ƙara, alhali tafin hannu ya ishe shi. A sa masa kayan sarauta ko a jera masa sojoji, ba sai an ƙara ko kalma ba. A tuna kuma lokacin. Nijar na ƙarƙashin jam'iyya ɗaya ta shugaba Diori Hamani, an haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary tun 1959, kuma sabbin shugabannin Afirka na ta kai wa juna ziyara da jiragen sama da jan kafet a ƙasashen da talaka ke neman abin kai wa baki. Fito-na-fito da wannan ba abu ne mai sauƙi ba. Alasan ya bi hanyar da kakanninmu suka bi da Gizo da Ƙoƙi da kura da zaki, inda ake faɗa wa sarki gaskiya ta bakin dabba, kowa ya gane, ba kuma wanda zai ce da shi ake. Habaici ne, kuma mai habaici ba ya kama suna.

Bai tsaya ga zane kaɗai ba. A 1966 ɗin nan ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka sauya sunaye, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. A nan Zalika Souley ta fara fitowa, wadda ta zama ɗaya daga cikin matan farko da suka riƙi wasan fim sana'a a Nijar. A 1972 ya yi dogon fim ɗinsa F.V.V.A., haruffan farko na mace da gida da mota da kuɗi a Faransanci, kan ƙaramin ma'aikacin da buƙatun dangi da son a sani suka tura shi taɓa dukiyar hukuma. Sai Toula, wanda ya yi tare da Bajamushiya Anna Soehring daga labarin marubucin Nijar Boubou Hama, kan budurwar da aka ce a sadaukar don a samu ruwa, a daidai shekarun da fari ke cin Sahel. Jigon dai bai sauya ba daga na kwaɗin: mutanen da suka ari rigar da ba tasu ba, da masu iko da talaka ke biyan kuɗin shawararsu. Ya kuma shugabanci sashen silima na jami'ar Yamai na tsawon shekara 15.

Abin da ya fi burge ni a rayuwarsa shi ne inda ya zaɓa ya ƙare. Bai koma Paris ba, bai ma zauna a Yamai ba. Tawa ya tafi, cikin ƙasar Adar, ya buɗe otal, ya mai da wani sashe nasa ɗakin aiki. Kuɗin kwanan baƙi na ciyar da gida, 'yan tsana na jiran dare. Ya kuma riƙa ɗaukar majigi a mota yana kai fim garuruwan da ba su da gidan silima, wato dai yaron nan mai fitila da kwali bai daina tara jama'a ba. Ya riga ya nuna abin da zai iya da 'yan tsana a Samba le grand na 1977, labarin jarumin da gimbiya ta yi ta ɗora wa sharuɗɗa. Amma wanda ya fi kusa da zuciyar Bahaushe shi ne Kokoa, kokawa kenan, inda kwaɗi da sauran dabbobi ke shiga fili ana kiɗa ana kirari ana kayarwa. Wanda ya san matsayin kokawa a Nijar, inda gasar kokawa ta ƙasa, wadda ake ba zakaranta takobi, ta faro a Tawa ɗin nan a 1975, zai ga cewa mutumin yana yi wa maƙwabtansa fim ne. A motsa 'yan tsana biyu da suka sarƙe da juna, kowane da nauyinsa, ɗaya na neman ɗaga ɗaya, hoto bayan hoto, yana cikin mafi wuyar abin da ake yi a wannan sana'a. Da kwamfuta ta zo kuma, yana dattijo, ya zauna ya koye ta kamar yadda ya koyi kowace na'ura kafin ta.

Sai dai halin da ya ba shi 'yanci yana da farashi, kuma rashin adalci ne a ɓoye shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin da ya dogara kacokan ga basirar mutum ɗaya, da na'urorin da shi kaɗai ya san lagonsu, yana da wuyar gado. Ya koyar da matasa, amma Nijar ba ta samu masana'antar fim ɗin zane da za ta ci gaba bayansa ba. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Silimar Nijar baki ɗaya, wadda ta yi tashen da mai fim Oumarou Ganda ya ɗauki babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972, ta durƙushe bayan rasuwar Ganda a 1981 da karyewar farashin yuraniyom, gidajen silima suka yi ta rufewa. Duk da haka ina ganin mutumin da ya saba yin komai da kansa ba ya jin matsin da zai sa shi gina tsarin da zai yi aiki ba tare da shi ba. Wasu finafinan nasa ma ana ganin gaggawa da ƙarancin kayan aiki a jikinsu, sauti ya yi rauni, motsi ya yi tsalle. Masoyansa na waje kan kira wannan kyan sauƙi. Ni ina ganin da ya samu ƙwararrun mataimaka goma da kuɗin shekara biyu, da ya yi abin da ya fi haka, kuma ya cancanci ya samu.

Faransa ta ba shi lambar girmamawarta ta Légion d'honneur a bikin finafinai na Cannes a 2007. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. A 2017 gidan adana fasahar zamani na New York, MoMA, ya shirya nunin finafinansa. Wannan duka daidai ne, amma yana ci mini rai cewa ɗalibin fim a Amurka ya fi yaron Tawa ko Maraɗi ko Katsina damar ganin Kokoa, fim ɗin da sunansa ma Hausa ne. Kano na fitar da finafinai masu yawa tun 1990, 'ya'yanmu kuma na kwana a gaban katun na Japan da Amurka da Indiya, wasu an ɗora musu muryar Hausa. Matasan da ke gwada zane mai motsi a waya da kwamfuta a Kano da Kaduna da Damagaram suna da kayan aikin da Alasan bai taɓa riƙewa ba yana saurayi: wayar da ke aljihunsu na ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya, ta nuna sakamakon nan take, ba sai an aika Paris an jira ba. Finafinansa na zane gajeru ne, maganar cikinsu kaɗan ce, wasu kusan babu. Tashoshin talabijin na Yamai da Kano za su iya neman izini daga masu haƙƙinsu, su ɗora musu Hausa inda ake buƙata, su saka su a shirin yara na yammacin Asabar.